Saiwar da Katafila Ta Yanke: Tarihin Inuwa Daga Nguru Zuwa Dapchi

Baƙi biyu ne suka shigo tsohuwar ƙasar Borno kusan a jere, kuma su suka sauya wa garuruwan arewacin Yobe kamanni. Na farko darbejiya ce, wadda a wannan yanki aka fi kira maina. Asalinta Indiya, ta yi zango a Gana zamanin gwamna Gordon Guggisberg, sannan a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Na biyu jirgin ƙasa ne, wanda layinsa ya taso daga Kano ya tsaya a Nguru a 1930. Jirgi ya jawo kantuna da fatake da hanyoyin mota, darbejiya kuma ta bi bakin hanyoyin tana yi musu inuwa. Yau harkar jirgin ta yi sanyi, amma duk wanda ya bi titin Nguru zuwa Gashuwa, ya karkata ta Bayamari ya gangara Dapchi, zai ga mai shayi da mai faci da mai kayan miya da 'yan majalisa duk a gindinta suke. Hanyar da ta raka shekara da shekaru kuwa, ita ce yanzu ke cin saiwarta.

Kafin zuwan baƙin nan, inuwar ƙasar ta 'yan gida ce: kuka da tsamiya a cikin gari, gawo da aduwa da kurna a gona, goruba da giyayya da bagaruwa a fadama. Nguru tsohon mazaunin Galadiman Borno ne, Gogaram kuma nan ne Badawa suka yi ganuwa suka kafa fadar Mai Bade kafin sarauta ta koma Gashuwa. A irin waɗannan wurare, ko gari ya tashi kukokinsa ba sa tashi, shi ya sa mafarauci ko makiyayi in ya hango tarin kuka a dokar daji yakan san kufai ne. Bishiya tana da mai ita. Ana gadon tsamiya kamar yadda ake gadon gona, wani lokaci ma gona ta wani ce, kukar da ke cikinta ta wani, kuma rigimar kuka bulama ko lawani ke yanke ta. A Damagaram, maƙwabciya ta arewa, har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora wa mai sare gawo a ƙarni na 19. Akwai kuma wani mai gadi da ba a biyansa albashi: tsoron aljanu. Mutum ya yi ta musun camfi da rana, amma ka ba shi gatari ka nuna masa tsohuwar tsamiya, sai ya tuna yana da wani aiki.

Ginin wancan zamani bai cika taɓa saiwa ba. Gidan ƙasa ne ko na kara, tushensa bai da zurfi, da hannu ake tono, in magini ya ci karo da saiwa mai kauri sai ya matsar da katanga. Turbar jaki da raƙumi ita ke kauce wa bishiya, shi ya sa lungunan tsofaffin unguwanni suke karkace.

Jirgi ya mai da bishiya kuɗi. Nguru ta zama matattarar gyaɗa da fata da kanwa da shanu, da kuma ƙaro, wanda dakwara ke zubarwa a jigayin ƙasar Manga. Kabar goruba ta zama tabarma da igiya da ake lodi zuwa kudu. Bandar naman da Nguru ta yi suna da ita kuwa, wadda ake aikawa Ibadan da Legas, wuta take ci, wuta kuma itace take ci. A cikin waɗannan sana'o'i, masu ƙaro ne suka fi kowa sanin iyakar raunin da bishiya ke iya ɗauka, domin da rauni suke cin abinci. Sai damina ta ɗauke, ganye ya soma zuba, sannan mai ƙaro ke yanka ɓawon reshe ya saluɓe shi siriri, ya dawo bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ya tsinci abin da ya daskare. Ba ya taɓa 'yar ƙaramar dakwara, ba ya zagaye reshe da yanka, ba ya maimaita wuri ɗaya shekara biyu a jere. Cibiyar binciken roba ta ƙasa tana da reshen nazarin ƙaro a Gashuwa saboda wannan arziki. Sai dai duk wannan sani na abin da ke sama ne, wanda ido ke gani.

Hukuma ma idonta a sama ya tsaya. A 1934 wani farfesan gandun daji daga Edinbura, E. P. Stebbing, ya ratsa wannan yanki cikin rani, ya ga ƙura da rairayi, ya koma ya rubuta a 1935 cewa Sahara na tahowa, sai an dasa wani dogon shingen itatuwa an tare ta. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi kan iyaka a 1936 zuwa 1937, ya dawo da rahoton cewa bai ga hamadar da ke tafiya ba, ɓarnar da ya gani ta wuri-wuri ce, ta hannun mutum. Rahoton kwamitin ya kwanta a kabad, tunanin Stebbing kuwa ya yi tsawon rai. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, gwamnatoci suka duƙufa kan rainon dashe da dasa layuka. A 1990 shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa, NEAZDP, ya fara aiki da kuɗin Tarayyar Turai daga hedikwatarsa ta Garin Alkali, cikin ƙaramar hukumar Bursari wadda Dapchi ce hedikwatarta, har Turawan suka janye tallafi a 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Nijeriya ta kafa masa hukuma da doka a 2015, Yobe na cikin jihohi 11 da ke sahun gaba. An yi aiki na gaske a waɗannan shirye-shirye, kuma inuwar makarantu da asibitoci da yawa daga can ta fito. Amma ma'aunin nasara bai sauya ba tun zamanin En'e: dashe nawa aka raba. Ba a saba jin jawabin da ya faɗi tsofaffin bishiyoyi nawa aka tsirar ba, alhali a ƙasar da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwan shekara kuma yana yawo wajen milimita 500 ko ƙasa da haka, bishiya ɗaya mai shekara 40 ta fi dashe ɗari da awaki za su cinye kafin hunturu.

Ginin da ya fi taɓa saiwoyin wannan ƙasa ba a cikinta aka yi shi ba. A 1974 aka kammala dam ɗin Tiga, a 1992 na Challawa, dukansu a jihar Kano, a saman kogin Haɗeja wanda ke haɗuwa da na Jama'are kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe. Ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadamun Haɗeja da Nguru ita ke sauka ƙasa ta cika rijiyoyi, ita kuma saiwa ke sha a rani. Filin da take rufewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969, amma a 1993 bai kai 500 ba. Fari ya ci nasa kaso, dam ya ci nasa. Inda ruwan ƙasa ya ja baya, manyan itatuwan fadama sun bushe a tsaye. Daga baya, da ciyawar kacalla ta toshe wasu magudanai, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru ya zauna babu tashi, sai wasu itatuwan suka mutu ta ɗaya hanyar, wato nutsewa. Bagaruwa tana jure ruwan wata biyu ko uku a gindinta, amma ba na shekara ba, domin saiwa tana numfashi. Wannan dausayi ne aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a shekara ta 2000.

Darbejiya ma ta taɓa ba da tsoro. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya addabe ta a yankin tafkin Chadi, sannan daga ƙarshen 1990 aka fara ganin wata irin lalacewa a Nijar da arewacin Nijeriya: ganye ya yi rawaya ya zube, reshe ya tsaya tsirara da ɗan tukku a ƙarshensa. An zaci annoba ce. Masana cututtukan tsiro suka zo suka yi ta ɗaukar samfur, ba su kama wata ƙwayar cuta ɗaya da za a ɗora wa laifi ba. Abin da suka fi karkata gare shi shi ne wahala: ƙarancin danshi na shekaru, da ƙasar da ta daddaƙu da takun mutum da dabba. Wato ciwon da aka gani a ganye, a ƙarƙashin ƙafa yake.

A ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro jihar Yobe, kuma tun daga nan gini bai tsaya ba: sakatariya, gidajen ma'aikata, gidajen mai, layukan shaguna, jami'ar tarayya a Gashuwa daga 2013, kwalta a cikin gari, da lambatun siminti da ke rakiyar kowace kwalta. Babu mai hankalin da zai ce Dapchi, da ke gefen Komadugu Gana, ko Gashuwa da ta sha ambaliya a 2022, ba sa buƙatar magudanar ruwa. Matsalar ita ce layin da injiniya ya ja a takarda yakan faɗo daidai inda kakanni suka jera darbejiya, kuma in mutanen unguwa suka roƙa aka bar musu bishiyar, kowa yakan tafi yana ganin an yi adalci, tunda gatari bai taɓa ta ba.

Mutane da yawa suna zaton saiwa ƙasa take nutsawa kai tsaye. Gaskiyar ita ce ta fi kama da faifan da aka binne a kwance. Yawancin 'yan siraran saiwoyin da ke tsotsar ruwa da abinci suna cikin rabin mita na saman ƙasa, kuma sukan bazu nesa da inda inuwar rassa ta tsaya, sau biyu ko ma uku. A Ingila, ƙa'idar gini kusa da bishiya mai lamba BS 5837 ta ce a auna kaurin gindi, a ninka sau 12, wannan tazarar ce da'irar da ba a tona ba, ba a jibge kaya ba, mota ba ta shiga. Darbejiyar da kaurinta ya kai rabin mita ke nan tana neman mita shida ta kowane ɓangare. To, a ce an ja ramin lambatu taku ɗaya daga jikinta. Cikin minti biyar bakin katafila ya raba ta da kusan rabin saiwoyinta, kuma ba yanka yake yi ba, fizga yake, saiwa ta tsage har can ciki inda ido bai gani. Sai tifa ta juye burji a ɗaya gefen, rola ta bi ta kai, ramukan iskar ƙasa su toshe. Sai birkila ya kwaɓa siminti a inuwarta, ya wanke shebur da kwano a gindinta, ruwan siminti kuwa yana ƙona saiwa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne bishiyar ba ta faɗi ciwonta nan take. Tana da ajiyar abinci a jikinta, za ta yi shekara ɗaya ko biyu tana kore shar. Daga nan ganye ya ƙanƙance, inuwa ta yi shara-shara, rassan ƙoli su fara bushewa daga sama, toho ya riƙa fitowa a jikin gindi. Lokacin da za ta mutu, shekara uku ko biyar sun wuce, ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa, sai a ce tsufa ne, ko gara, ko wani ya yi mata asiri.

Ceto yana yiwuwa, kuma yawancinsa aikin hannu ne da bai fi ƙarfin unguwa ba. In ramin yana buɗe, abu na farko shi ne a bi duk saiwar da ta tsage a datse ta da zarto mai kaifi a inda take da lafiya, domin yanka mai santsi yana warkewa ya fitar da sababbin saiwoyi, tsagagge kuwa ruɓewa yake. Kada a bar ta a rana. Zafin bazara na Nguru, da ke haura digiri 40, yana kashe siraran saiwoyi cikin sa'o'i, don haka a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara har a mai da ƙasa, ƙasar kuma ta zama ta sama mai kyau, ba ɓaraguzan bulo ba. Ba a shafa wa raunin baƙin mai ko fenti ko kwalta. In an jibge ƙasa ko burji a kan da'irar saiwa, a kwashe da shebur har sai wuyan bishiyar ya fito, wato inda gindi ke buɗewa ya shiga ƙasa. Inda mota ta daddaƙe wuri, ba a kafta da garma, don kafta ƙarin yanka ne. Sai dai a bi da ƙarfe ana huda ramuka nan da can, a cika su da ruɓaɓɓen takin gargajiya.

Sai ruwa, wanda shi ne rabin maganin. Bishiyar da ta rasa saiwa ba ta iya kaiwa inda take sha a da, ga rani mai wata takwas a gabanta. Bokiti ɗaya kullum a jikin gindi ba ya yin komai sai jiƙa fuskar ƙasa. Gara a yi ɗan kewayen ƙasa a ƙarƙashin bakin rassa, a juye kurar mai ruwa guda a bar shi ya nutse a hankali, a dawo bayan mako ko kwana goma, a kuma riƙe wannan har damina biyu ko uku su wuce. Duk wanda ya lura da bishiyar ƙofar masallaci ya ga shaida: ruwan alwala ne ke riƙe da ita, shi ya sa take kore lokacin da 'yan uwanta suka yi furu-furu. A kan ƙasar a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye kaurin yatsu huɗu, ya rage zafi ya riƙe danshi, amma a bar tazarar taƙi ɗaya daga jikin gindi saboda gara da ruɓa. A kewaye da ƙaya, kamar yadda manomi ke yi wa dashen mangwaro, don a huta da ɗaure dabba da ajiye Keke Napep a wurin.

Kurakuran da aka fi yi, da kyakkyawar niyya ake yin su. Wani zai hau da barandami ya sassare rassa wai don ya rage mata nauyi, bai san ganyen nan ne ke dafa abincin da za a gina sabuwar saiwa da shi ba. Busasshe da karyayye kawai ake cirewa. Wani zai watsa mata yuriya, ita kuwa ganye take tunzurawa, ganyen da guntun saiwa ba zai iya shayarwa ba, ga gishirinta a busasshiyar ƙasa. Mafi yawa kuwa shi ne dakali: majalisa ta yi karo-karo ta zagaye gindin da siminti don a ji daɗin zama, ta rufe wa saiwa ruwa da iska gaba ɗaya. Benci ya fi.

Kowace bishiya kuma da halinta. Darbejiya tana da saurin murmurewa, amma ba ta son ruwa ya kwanta mata, don haka lambatun da ya toshe yana malala a gindinta ya fi yankan illa. Kuka saiwarta a sama-sama take, ta yi nisa ƙwarai, jikinta cike da ruwa, namanta mai taushi. In ta ji rauni aka yi ta ɗura mata ruwa cikin rani, lokacin da ta zubar da ganye tana hutu, ruɓewa za ta yi. Gawo yana da doguwar saiwa da ke bin ruwa ƙasa mita da yawa, shi ya sa yankan gefe bai cika kashe shi ba, kuma kada a yanke masa hukunci da damina, lokacin ne yake tsirara bisa al'adarsa. Goruba kuwa daga gindinta take ta fitar da sababbin saiwoyi, ita ta fi kowa haƙuri da magina. Tsamiya ce abin tausayi, domin a hankali take girma, a hankali take warkewa.

Akwai kuma wadda ba ta cetuwa, kuma son inuwa bai kamata ya rufe ido a kanta ba. In an datse manyan saiwoyi kusa da gindi, cikin tazarar da ba ta kai kaurinsa sau uku ba, abin da aka yanke shi ne abin da ke riƙe ta a tsaye. In ta fara karkata, ko ƙasa ta tsage ta ɗago a bayanta, ko wani naman kaza mai tauri ya fito a gindinta, to iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana iya kwantar da ita a kan rumfa ko aji. Nan sai a kira ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma a sauke ta da tsari.

Ko a nan ba a rasa komai ba, in an bar kututturen. A 1983, a jihar Maraɗi ta Nijar, wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ɗin SIM, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan sabarun da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututtura masu rai. Aka fara barin biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture ana datse saura, abin da manoman can suka kira sassaben zamani. Wajen shekara 20 bayan haka, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa, wajen bishiya miliyan 200, yawancinsu ba wanda ya dasa su. Darbejiya na cikin itatuwan da suka fi amsa wannan. In aka yanke ta da zarto a ɗan karkace don ruwa kada ya kwanta a kan yankan, ba a cinna wa kututturen wuta ba, ba a zuba masa baƙin mai ba, cikin makonni zai fitar da toho da yawa. A bar su su kai tsayin mutum, a zaɓi biyu ko uku da suka fito daga ƙasa-ƙasa a ɓangaren da ke nesa da lambatu, a cire saura, a kare su daga awaki. Tunda tsohuwar saiwa ce ke shayar da su, a damina ɗaya sukan yi tsayin da dashen leda zai shekara biyu ko uku bai kai ba.